Tafireta da Masu Gyaranta: Laccar da Aka Gabatar a Kasuwan Garba



Duk wanda ya taɓa tashi daga nan Kasuwan Garba zuwa Kontagora neman takardar rantsuwa shekaru talatin da suka wuce ya san ƙarar tafireta. Akawu na zaune a bakin kotu, takarda uku a jikin keken rubutun da kabon a tsakaninsu, yana buga yarjejeniyar cinikin gona ko takardar koke. A makarantu ma a kanta ake yanka sitansil ɗin jarrabawa kafin a gurza. Kowa ya san akawun. Mutumin da ake aika wa idan keken ya cije kuwa, kaɗan ne suka riƙe sunansa, kuma shi ne batun yau.

Injin baƙo ne. Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da shi a 1874 bisa ƙirar Christopher Sholes, kuma jerin haruffansa na QWERTY shi ne har yau a kan kwamfuta da wayar hannu. Daga baya Olivetti na Italiya, wanda aka kafa a 1908, da Imperial na Ingila da Olympia na Jamus suka shigo kasuwa, irinsu kuma aka saba gani a ofisoshinmu.

Masana'antun suna can ƙetare, kayan gyara ba sa isowa kan kari, don haka mai gyara ya dogara da ido da kunne da yatsa. Yakan fara da buga layi ɗaya ya saurara. Idan haruffa na maƙalewa, yawanci ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon mai ta daskare a tsagogin da sandunan haruffa ke motsi. Nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ƙara mai, keken ya yi laushi mako guda sannan ya cije fiye da da. Gwani wankewa yake yi da sifirit da ɗan buroshi, ya bar wurin a bushe. Idan abin da ke ɗauke da takarda ya daina tafiya, igiyar da ke jansa ce ta tsinke, sai ya sa wata ya sake ɗaure sifirin ɗin da ke jan igiyar daidai ƙarfinsa. Harafin da ya hau sama da layi, da filaya ake lanƙwasa sandarsa kaɗan kaɗan. Hannu ya yi nauyi, sanda ta karye. Robar da takarda ke naɗuwa a kai takan bushe ta yi tauri har haruffa su riƙa huda takarda. Shi ya sa ba a rasa matattun kekuna jibge a bayan shagon irin wannan mutum, yana cire na wannan yana rayar da wancan.

Akwai kuma matsalar da ta shafi Bahaushe kai tsaye. Kekunan da aka ƙera don Turanci ba su da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa masu lanƙwasa, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, editanta na Hausa kuma ɗan yankin nan ne, Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. Amma akawun ofis bai da waɗannan haruffa a gabansa. Wani ya sa ɗan waƙafi a gefen harafin, wani ya gyara da biro, da yawa suka bar shi haka, mai karatu ya raba "kafa" da "ƙafa" da kansa. Da yake kowane harafi liƙe yake a kan sandarsa da dalma, gwanin mai gyara na iya narke shi ya ɗora wani, idan ya samu. Sai a shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara haruffa 33 na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, lokacin kuwa kwamfuta ta kusa shigowa.

Ƙarshen ya zo da sauri. Kamfanin Godrej na Indiya ya daina ƙera tafireta a 2009. Kamfanin Brother ya ƙera ta ƙarshe a Birtaniya a 2012, aka kai ta gidan tarihin kimiyya na Landan. Masu gyaran namu wasu sun koma keken ɗinki, wasu injin hoton takarda, wasu tsufa ya zaunar da su.

Duk da haka injin da ba ya neman lantarki bai gama amfani ba a inda wuta ke ɗaukewa. Roƙon da ake yi wa shugabannin makarantu da ma'aikatan ƙaramar hukumar Mariga shi ne kada su sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin kekunan da ke ɗakunan ajiyarsu. A fito da su, a nemo dattawan da suka iya gyaransu tun suna raye, a biya su haƙƙinsu, a zaunar da yara biyu ko uku kusa da su.