Ɗakin Karatu Ma Wurin Neman Lafiya Ne

   

Sau da yawa jita-jita ce ke ba cuta ƙarfi, ko da magani na nan a ajiye. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin yana hana haihuwa. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta kawar da asalin ƙwayar. Iyayen da suka hana 'ya'yansu suna da dalilin tsoro, don ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Abin da suka rasa shi ne wurin da mutum zai zauna ya bincika da kansa, ba kuɗin kati, ba mai yi masa tsawa. Aikin ɗakin karatu na jama'a ke nan. A Ingila, tun 2013 likita kan tura mai fama da damuwa ya aro littafi daga jerin da masana suka tantance.

Wani zai ce yawancinmu ba mu yi boko ba. To, ai mun saba ɗaya ya karanta goma su saurara; haka ake yi a zauren malam. Haɗin ruwan gishiri da sukari layi ɗaya ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A rubuta shi da boko da ajami a manna a bango, uwar da ɗanta ke gudawa ta san abin yi kafin ta isa asibiti. Masu cewa waya ta wadatar kuwa, su duba WhatsApp ɗinsu, ai ta nan ƙaryar ke shigowa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce: asibitinmu ba magani, ina mu ina littattafai? Gaskiya ne littafi ba ya maye gurbin likita. Amma ba gini irin ɗakin karatu na Murtala Muhammed da ke Kano muke nema ba. Aji ɗaya a firamare bayan an tashi ya isa, da lokacin mata daban, jami'ar lafiya ta riƙa zuwa duk mako tana amsa tambayoyi.