Tsofaffi masu hawan jini da haɗarin tara magunguna

Jawabin da wani ma'aikacin lafiya ya gabatar gaban makiyaya da fataken dabbobi

 

Maganar da zan yi yau ta shafi tsofaffinmu masu hawan jini, abin da muke ce ma tansiyo. Idan an auna mutum sau da sau ana samun 14 bisa 9 ko fiye, to yana da shi. Ciwo ne da ba a shan maganinsa kwana bakwai a daina, sai dai kullum. Amma tsoho ba ciwo ɗaya gare shi ba: ga gwiwa, ga baya, wani ga sukari. Kowane da ƙwayarsa, har ka iske biyar ko shida cikin aljihu guda. Nan haɗarin yake, domin ƙodar tsoho da hantarsa ba su fitar da magani da sauri kamar na saurayi. Ku da kanku ba ku ɗura wa tsohuwar saniya abin da kuke ɗura wa bijimi.

Na farko, maganin ciwon jiki da ake saye a tebur ran kasuwa, wato diclofenac da ibuprofen. Suna kwantar da ciwon gwiwa, gaskiya ne, amma suna riƙe gishiri da ruwa cikin jiki, sai jini ya hau, maganin likita ya rage aiki. Idan suka haɗu da captopril da kuma ƙwayar da ke sa fitsari, su ukun nan suna iya kashe ƙoda, balle ga wanda ya wuni bayan garke cikin rana ba ruwa. Ga tsoho mai hawan jini, paracetamol ya fi sauƙi. Haka dexamethasone da wasu ke sha don gaɓoɓi ko don ƙiba: yana tada jini, yana tada sukari. Wasu magungunan mura ma suna tada jini.

Na biyu ya shafe ku, fatake masu ƙetara iyaka. Magani ɗaya yana da suna biyu. Abin da ake rubutawa Lasilix a Nijar shi ne Lasix a Nijeriya, duka furosemide ne. Amlor da Norvasc duka amlodipine ne. Mutum ya karɓo ɗaya a Maraɗi, ya sayo ɗaya a Kano, yana sha yana zaton iri biyu ne, alhali ninki yake yi. Daga nan sai jiri in ya miƙe, sai faɗuwa. Tsohon da ya faɗi bakin rijiya ya karye ƙugu, sau da yawa ba ya sake bin dabbobinsa.

Na uku, abin da ba mu ɗauka magani ba. Kanwa ƴar uwar gishiri ce, kunun kanwa da jiƙon kanwa suna ƙara hawan jini. Goro da shayi mai kauri a sassauta. Jiƙe-jiƙe da maganin ƙarfin maza na kasuwa kuwa, ba mai iya gaya maka abin da aka zuba ciki.

To, me ya kamata a yi? Duk ran da za a kai tsoho gidan likita, a zuba magungunansa duka cikin jaka, na asibiti da na tebur da na gargajiya, a nuna, kada a ɓoye ko ɗaya. A ajiye kowane cikin kwalinsa, nesa da rana. Kada a sha na maƙwabci don wai ciwon ɗaya ne. Idan zawo ko amai ya kama mai shan ƙwayar fitsari, a nemi ma'aikacin lafiya ran nan. Kafin tafiya mashekari ko shiga azumi, a je a auna, a karɓi abin da zai isa. Kuma kada wanda ya daina magani da kansa don ya ji sauƙi: shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama.

Ku samari, wannan aikinku ne. Yadda kuke ƙirga garke da yamma, haka za ku ƙirga ƙwayoyin mahaifanku.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu.