Jawabi ga Waɗanda Suka Ci Jarrabawa

Jama'ar Tibiri da Jiratawa da cikin garin Maraɗi.

Yau 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Barkanku da samun takardar shaida. Jiya dangwale kuke yi da yatsa, yau kuna sa hannu da alƙalami.

Ga wata magana da ke ruɗa iyaye. Yaron da ke karatu a Katsina, in ya ce "na yi fasin", ya ci jarrabawa ke nan. Kalmar daga Ingilishi take. Amma ɗan lakkol na nan gida, in ya ce ya yi "pase", da Faransanci zama kawai ya yi, ya rubuta. Sakamako bai fito ba tukuna. Sai kun ji "admi", sannan ku kama rago. In ba haka ba, a ci nama yau, gobe a ji kunya.

Ku kuma, kada ku ce "mun sauke". Sauka ta almajirin da ya ƙare Alƙur'ani ce, izu 60. Ku ce "mun ci jarrabawa".

Za a sake buɗe aji bayan kaka. Kowa ya zo da maƙwabcinsa.