Ƙullutu A Nono Da Kaluluwar Hammata

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya

 

Yau maganarmu a kan sankarar nono ce, wadda muka fi sani da ciwon daji. To, ina ruwan hammata da ciwon da ke nono? Akwai wasu 'yan jijiyoyi da ke kwashe ruwan jiki daga nono, yawancinsu su kai shi ga kaluluwar hammata, inda ake tace shi. In ƙwayoyin daji suka ɓalle, nan suka fi fara sauka. Shi ya sa likita kan taɓa hammata bayan ya duba nono.

Likitoci sun kasa girman ƙullutu gida uku: wanda bai wuce santimita 2 ba, kamar ɗan magarya; daga 2 zuwa 5; sai wanda ya haura 5, wato ya fi lemun tsami. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1989, kan mata 24,740, an ga cewa in ƙullutun bai kai santimita 1 ba, wajen mace 20 cikin 100 ne ciwon ya kai musu hammata. In ya kai santimita 5, sai adadin ya tashi zuwa wajen 70. Kun ji fa. Kuma da zarar ya shiga hammata, magani ya ƙara wuya, tsira ta ragu.

Amma mu kiyaye: ƙarami ma yakan bazu, kuma ba kowane ƙullutu ne daji ba. Kaluluwa ma takan tashi saboda rauni a hannu. Gwajin asibiti kaɗai ke rarrabewa.

Inda muke yin asara shi ne jira. Mace ta ji ƙullutu, ba zafi, kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, a ce bari a tafi gida Arewa bayan salla a nemo saiwa, ko a ce daji ba ya son ƙarfe. Shi kuwa yana nan yana girma.

Saboda haka, iyaye mata, kowace ta riƙa duba nononta da hammatarta, ta san yadda suke. Magidanta, in ta faɗa muku, kada kuɗin mota ya zama hujja. Asibitin koyarwa na UCH yana Ibadan, na LUTH yana Idi-Araba a Legas. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.