Haƙƙin Jinjiri a Baitulmali: Lacca a Dutse

 

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taɓa jin kukan wani jinjiri da dare a Madina, da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne tun lokaci bai yi ba, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Gari na wayewa ya sa aka yi shela cewa kowane abin haihuwa yana da rabonsa tun ranar da ya zo duniya. Wannan hukunci shi ne asasin maganata, domin abin da Halifa ya fahimta, watau talaucin uwa a jikin ɗanta yake bayyana, shi ne likitocin zamani suke kira kwanaki dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, wadda ita ce muddar shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, tare da ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali.

To, ina halin yake? Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali kuwa ƙasar da suka tsumbure a cikinta ita ce take loda riɗi da wake da gyaɗa a kasuwar Shuwarin. Duk wanda ya leƙa asibitin karkara a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, zai ga ma'aikaciya tana naɗa wani siririn ma'auni a damtsen yaro, in ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, sai a rubuta tamowa mai tsanani, a miƙa wa uwa ƙunshin gyaɗar nan da aka haɗa da madara da mai da sukari. Magani ne mai albarka, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005. Amma dai magani ne, yana zuwa bayan cuta ta kama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin da aka yi a nan kusa da mu. Daga 2013 zuwa 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, inda ake ba mace mai juna biyu naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu, ana haɗa mata da nasiha a kan awon ciki, da ba jariri dakashi maimakon zubar da shi, da shayar da nono zalla wata shida. Masu cewa kuɗi a hannun mace zai ƙare a biki da atamfa, kuma na sha jin wannan magana daga bakin manya, bincike bai gaskata su ba: abinci aka saya, wasu suka ja jari ko suka sayi akuya, tsumburewa kuma ta ragu.

Illar shirin ita ce na baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne. Amurka, duk da yalwarta, tun 1974 take ciyar da matalautan iyaye mata da jariransu daga aljihun hukuma, ba ta bar wa masu sadaka ba. Saboda haka ina roƙon Majalisar Dokokin Jiha ta tsare wannan rabo da doka, a riƙa ware masa kaso a kasafin kowace shekara kuma a sake shi a kan kari; ina roƙon masarautarmu ta Dutse, wadda ta yi suna wajen tara zakka da rabonta, ta sa mai ciki da mai goyo a sahun gaba; limamai kuma su faɗa wa magidanta a huɗuba cewa ƙwan kazar gida, kafin a kai shi kasuwa, akwai mai haƙƙi da shi a cikin ɗaki.