Tsohuwar Gida Da Idonta

 Gaisuwa ga matan Bahindi, da na Bagudo, Zagga, Kaoje, Illo da Lolo, har da na tsallaken iyaka, Segbana da Malanbil, in muryarmu ta kai gare ku.

Yau maganar tsufa za mu yi. Mu da furfura ta fara leƙo mana, batun ya zama namu, ke kuma amarya ki matso kusa da rediyo, don yawanci a hannunki tsohuwar gida take. Maigida ya fita fadama tun asuba, ko ya tafi fatauci Jamhuriyar Benin sai bayan sati biyu. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu, wata ma a tsallake, kuma mun ga yadda zumunci ya yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019. To wa ya rage da Inna a tsakar gida? Ke ce. Ke za ki fara lura ta zuba ruwa ya kauce wa buta, ko ta kira jikanta da sunan wansa alhali yana tsaye gabanta.

Abin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne ido. Da an ga tsohuwa na laluben bango sai a ce ai tsufa ne, a ba ta sanda da ɗan jagora, shi ke nan. Ni dai wannan kalma ta "tsufa ne" ta ishe ni. An yi wani babban bincike a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama. Aka samu kusan mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma cikin makafin nan 43 cikin 100 yanar ido ce ta rufe su. Ita kuwa yana ana cire ta. Aiki ne na ɗan lokaci, ba a ma sa mutum barci, idon kawai ake kashe wa zafi, a fitar da abin da ya yi fari, a sa na roba a gurbinsa. Galibi washegari ake buɗe bandeji. Ana yin aikin a Birnin Kebbi, kuma asibitin gwamnati mafi kusa da ku zai iya dubawa ya tura ku.

Amma don Allah a kiyayi masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke a ido su ture yanar ciki. Ranar farko tsohuwa ta ga ɗan haske, a yi murna, a biya da akuya. Bayan nan sai ciwo da kumburi, sau da yawa idon ya tafi gaba ɗaya, likita ma ba abin da zai iya. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da ido ya yi fari ba. Shi abin da ya cinye ba ya dawowa, don haka ake son awo da wuri.

Wata za ta ce, to ni da ba na fita, me zan yi? Bakinki fa? Ki sami maigida bayan ya ci tuwo hankalinsa ya kwanta, ki ce, "Malam, Inna fa ba ta gane ƙofar ɗakinta da magariba, a kai ta a duba." In an sayar da shinkafa, lokacin ne ya fi dacewa ki tuna masa, kafin kuɗin su bi biki.

Tukunya kuma taki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule. In Inna na da hawan jini, ki ɗebar mata miyarta kafin ki ƙara na sauran, daddawa da kifi sun isa su ba ta daɗi. Tuwon ya yi laushi saboda haƙori. A ajiye mata ruwa kusa, don tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba ko da bazara.

Sai abu guda da muke yi da sunan ladabi, amma yana karya tsohuwa: a ƙwace mata kowane aiki. "Inna ki huta, Inna bar shi." Ta zauna kan tabarma daga hantsi har la'asar ba mai tambayarta komai. A ƙasar nan tamu ba haka aka san dattijuwa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru dattijai mata ta naɗa jajoji, su ne ke zuwa ɗaukar karatu su kai wa matan aure har cikin ɗakunansu. Ku bar mata tsintar shinkafa, goyon jika, tatsuniya da dare. Ku riƙa neman shawararta a kan jego da aure, ko da kun riga kun san amsar.

In kuwa gigin tsufa ya kama ta, tana mantuwa, tana surutai, tana cewa ba a ba ta abinci ba alhali yanzu ta ci, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kada a bar yara su yi mata dariya, kuma kada bakin kowa ya kuskura ya kira ta mayya. A kau da wuta da wuƙa daga kusa da ita, a kula da ƙofa, musamman mu da ke bakin Kwara.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ta ba yaro takarda ya kawo gidan rediyo, za mu karanta a fili na gaba in Allah Ya kai mu. A gaida Inna. Wassalamu alaikum.