Kashi Ɗaya Cikin Ɗari: Dokar Lafiya ta Ƙasa da Rabon Asibitinmu



Da yawa daga cikinku kun tambayi Kwamitin Lafiya: ina kuɗin da ake cewa Gwamnatin Tarayya tana aiko wa ƙananan asibitoci? Kafin mu amsa, sai mun waiwayi yadda aka haifi dokar da ta tanadi kuɗin.

Tun 2004 ake kai da komo a kan ƙudurin Dokar Lafiya ta Ƙasa. A 2011 majalisun tarayya biyu suka amince da shi, tare da tanadin ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, saboda rigima ta ɓarke tsakanin ma'aikatan lafiya su kansu. Ƙudurin ya kafa hukumar kula da manyan asibitoci, ya ce likita ne zai shugabance ta. Nas-nas da masu haɗa magunguna da masu gwaje-gwaje suka ce ba da su ba. Wasu shugabannin addini ma sun koka da sassan da suka shafi dashen sassan jikin ɗan Adam.

Sai aka koma teburin sasantawa. Hukumar da ake rigima a kanta ta zama kwamiti, kashi 2 kuma ya koma kashi 1. Da haka aka sa hannu a 2014. Ko bayan nan, sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, kimanin naira biliyan 55.

A ganinmu, an yi ciniki ne da rabon talaka. Masu ƙungiya da lauya sun tsira da muradunsu, mai naƙuda a ƙauye, wadda ba ta da wakili a teburin, ita aka rage wa rabi. Duk da haka ba mu cewa da an bari an tashi baram-baram. Da ba a sasanta ba, da yau ba mu da ko layi ɗaya na doka da za mu riƙe mu nemi haƙƙi.

Ga yadda dokar ta 2014 ta tanadi a raba kuɗin: kashi 50 na inshorar lafiya, kashi 45 na magunguna da gyaran asibiti da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai dai akwai sharaɗi, wanda a nan ne gizo ke saƙa: jiha da ƙaramar hukuma sai sun zuba nasu kashi 25 na kuɗin aiki. Tsarin kuma ya nufi asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, tare da kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido.

Saboda haka muna roƙon taro ya amince da abu biyu. Na farko, 'yan'uwanmu da ke aiki a babban birnin jiha su bincika mana a hukumar lafiya matakin farko ko asibitinmu yana cikin jerin waɗanda ake biya. Na biyu, ƙungiya ta nemi kujera a kwamitin mazaɓa, ta naɗa mutum mazaunin gida, ba ɗan birni mai zuwa sallah-sallah ba, wanda zai riƙa duba takardun kuɗi yana kawo rahoto kowane wata uku.